Usur da Kofi: Musayar Baitoci a kan Alƙalan Wasa da 'Yan Wasa

Mai Kishin Tuta:

Assalamu alaikum. Duk lokacin da gasar kofi ta kai matakin sili ɗaya ƙwale, akwai wani tsohon miki da yakan tashi mini, shi ya sa na zuba shi a baitoci, ina neman wanda zai amsa mini da irinsu.

Da sunan Allah nake buɗe batuna,
Ina gaida manya da dukan 'yan'uwana,
Ku ba ni aron kunnuwanku ku ji zancena,
Na zo da kukan da bai bar zuciyata ba.

Ina tuna ran 13 ga Fabrairun 2000 da zafinta,
Da Najeriya ta karɓi Kamaru a gidanta,
Legas ta cika maƙil, kowa riƙe da tuta,
Wasan ƙarshe ne, kofin Afirka bai san mai shi ba.

Eto'o ne ya zura ƙwallon da aka fara,
Mboma ya biyo bayansa, shi ma ya ƙara,
Chukwu ya rage mana ɗaya, muka ɗan sarara,
Okocha ya farke da bugun da gola bai tare ba.

Aka yi ƙarin lokaci, biyu da biyu aka tsaya,
Aka koma fenariti, ana bugawa ɗaya-ɗaya,
Ikpeba ya buga, ta daki turken sama ta juya,
Ta sauka bayan layi, hoton bai ɓoye ba.

Alƙali Mourad Daami, wanda aka ba amana,
Ya ce ba ta shiga ba, ya girgiza kai ya hana,
Rigobert Song ya buga tasa ya rufe mana rana,
Huɗu da uku aka tashi, ba mu ɗaga kofin ba.

Ku gaya mini, in ƙwallo ta tsallake layi,
Kuma 'yan wasa sun cika aikin da za su yi,
Sai mutum guda ya rushe shi da nasa ra'ayi,
Wa za mu tuhuma in ba mai usur ba?

A wasan lig wanda aka ƙware shi yau,
Yana da mako na gaba da zai gyara da kyau,
Amma kofi in ya kuɓuce, wani ne zai ɗau,
Kuma hawayen mai gaskiya ba zai dawo da shi ba.

Tsohon Mai Usur:

Wa'alaikumus salam. Ga amsata, a ƙwar biyu.

Na ji kukanka, ɗana, kuma ban raina shi ba,
Domin ni ma ranar sai da idona ya kawo ruwa.

Ƙwallon Ikpeba ta shiga, wannan babu gardama,
Kuskuren alƙali ne, kuma ba na neman ɓoyewa.

Amma na riƙe usur shekaru a ƙananan filaye,
Na san abin da ido ke iyawa da abin da yake kasawa.

Kai ka ga ƙwallon sau goma a allo, an rage mata gudu,
Shi kuwa sau ɗaya ya gan ta, a guje tana wucewa.

Ta daki ƙarfe, ta doki ƙasa, ta yi tsalle ta fito,
Kafin ka haɗiye yawu, dubban mutane na jiran yankewa.

A irin wannan lokaci ido kan faɗa kan mai bugu,
To, me Ikpeba ya yi sa'ad da ƙwallon ke dawowa?

Hannu biyu ya ɗora a ka, kamar wanda ya zubar,
Bai ruga yana murna ba, balle ya tsaya yana nunawa.

In mai ƙwallon da kansa bai tabbata ta shiga ba,
Yaya wanda ke gefe zai rantse yana tabbatarwa?

Sannan ka tsallake Kanu a cikin lissafinka,
Shi ma ya buga tasa, gola Alioum Boukar ya yi tarewa.

Kuma ba a Afirka kaɗai ido ke gazawa ba,
A 2010 a Bloemfontein Ingila ta ɗanɗani irin wannan cutarwa.

Lampard ya buga, ta daki turke ta sauka can ciki,
Larrionda na Uruguay ya ce a ci gaba da fafatawa.

Jamus ta ci 4–1, amma abin da ya biyo bayan kukan,
Shi ne na'urar layin raga da aka kai Brazil a 2014 don tantancewa.

Agogon hannun alƙali ke motsi in ƙwallo ta haye,
Da akwai shi a Legas, da yau wani batun muke tattaunawa.

'Yar Gidan Ƙwallo:

Baba Mai Usur, na gaishe ka da girmamawa,
Yaya Mai Tuta, sannu da wannan jimrewa,
Ni tawa waƙar wani gefe take dubawa,
Gefen da ya shafi ƙafafun 'yan wasanmu.

Kafin a kai ga fenaritin da ake ta kuka,
Wa ya buɗe wa Eto'o da Mboma ƙofar ɗaka?
Cikin minti 31 ƙwallo biyu suka saka,
Alƙali ne ya yi barci, ko kuwa 'yan bayanmu?

A Kofin Duniya na 1994 a Amurka mun gamu da Italiya,
Amunike ya ci tun da wuri, muka hango hanya,
Alƙali ya kori Zola, aka rage musu ɗaya,
Su goma suka saura, mu sha ɗaya a gefenmu.

Korar nan masu kallo da yawa sun ce ta yi tsanani,
Ke nan hukuncin ranar mu ya yi wa amfani,
Amma a minti na 88 Baggio ya yi mana rauni,
Ya ƙara da fenariti, ya tattara mana kayanmu.

Ranar ba mu da bakin da za mu zargi mai busa,
Domin dama ya ba mu, muka karɓa muka kasa,
Muka saki jiki tun kafin ƙarshen wasa,
Sakacin minti biyu ya cinye guminmu.

Ku dubi wasan ƙarshe na kofin Aiteo na Najeriya a Asaba,
A 2018, Kano Pillars na da uku tana gaba,
Rangers ba ta da ko ɗaya, kuma ba ta karaya ba,
Ta farke duka ukun muna kallo da idonmu.

Da fenariti Rangers ta ɗauke kofin ta wuce,
To, wane alƙali za a kamo a nan a ce,
Shi ya sa ƙungiya mai ci uku ta lalace?
Wannan tambaya ce da na ajiye a gabanmu.

Shekara ta zagayo, Pillars ta gyara zama,
A Kaduna ita da Niger Tornadoes babu ci aka gama,
Ta ɗau kofin 2019 a bugun raba gardama,
Da ta toshe bayanta, sai ga shi ta samu.

Mai Kishin Tuta:

Ƙanwata, kin yi magana, kuma na saurara,
Na yarda 'yan wasanmu suna da abin gyara,
Amma hukunci kan karya wasan da aka tsara,
Kin raba abu biyu da ba su taɓa rabuwa ba.

A 2014 a Brasilia mun tsaya wa Faransa,
Onazi na riƙe da tsakiya, yana ta aikinsa,
Matuidi ya taka masa idon sawu da takalminsa,
Aka ɗauke shi a kwance, bai dawo fili ba.

Mark Geiger ya zaro rawaya, katin gargaɗi,
Wanda ya yi ketar ya ci gaba da wasa cikin daɗi,
Tsakiyarmu ta buɗe, hanya ta yi musu faɗi,
Pogba ya ci a minti na 79, ba mu farfaɗo ba.

Za ki ce golanmu Enyeama ne ya taɓa kwana ta kuɓuce,
Ni kuwa tun fitar Onazi na ga ginin ya karkace,
Da an rage musu mutum guda kamar yadda ya dace,
Da Faransa ba ta taso mana haka ba.

A Rasha a 2018 mun kara da Ajantina,
Ƙwallo ta taɓa hannun Rojo a kan idona,
Alƙali Cakir ya je allo ya duba, ya dawo ya hana,
Rojon nan ne ya ci mu, ba mu kai zagaye na biyu ba.

Autan Masu Kallo:

Iyayena da yayyena, ku yi mini izinin magana,
Ni ne ƙarami, amma na bi waɗannan wasanni da ɗoki.

Yaya Mai Tuta, ƙwallon Rojo daga kansa ta zame,
Ta sauka a hannunsa, Cakir ya gani ya ce babu laifi a ciki.

Kuma ƙwallon nan a gaban Ighalo ta faɗo,
Ya buga ta yi waje, muka bi ta da tsaki.

Ni dai VAR, na'urar sake duba hoto a allo, nake yaba wa, kuma ga hujjata,
Ran 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake ta yi aiki.

Wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin Afirka da Afirka ta Kudu,
Troost-Ekong ya ci su da fenariti, muka taka musu birki.

Osimhen ya zura ta biyu ana dab da tashi,
Ya ruga yana murna, mu ma muka saki jiki.

Sai alƙali Amin Omar ya kai hannu kunne,
Ya nufi allon gefen fili, kowa ya riƙe baki.

Ashe a can gidanmu an yi keta a yadi na 18,
Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau kafin mu kai farmaki.

Aka soke tamu, aka ba su fenariti a lokaci guda,
Mokoena ya farke, biyu da nema ta koma kunnen doki.

Ya yi mana zafi ƙwarai, amma mun haƙura da shi,
Domin an nuna hoton a fili maimakon a ƙulle shi a ɗaki.

Golanmu Nwabali ya tare biyu a bugun raba gardama,
Iheanacho ya rufe, 4–2, sannan muka yi biki.

Da wannan allo yana Legas a 2000, Yaya,
Da yau ba ka ɗauke da wannan tsohon miki.

Tsohon Mai Usur:

Madalla da Auta, ka karanci wasa da kyau,
Amma na'ura ba ta hukunci, mutum ne ke yankewa.

Tana nuna maka hoto, ta ja layi, ta tsai da gudu,
Sai dai ganganci ne ko kuskure, kai ne mai aunawa.

Ran 31 ga Mayun 2019 a Rades ta Tunisiya,
Wasan ƙarshe na Zakarun Afirka ya tsaya babu ƙarasawa.

Wydad ta zura wa Esperance, aka ce satar gida ce,
Suka ce a duba allo, aka ce allon ba ya kamawa.

'Yan Wydad suka ƙi ci gaba da wasa fiye da sa'a guda,
Bakary Gassama ya busa tashi, Esperance ce mai ɗagawa.

A Limbe ta Kamaru kuma, a Janairun 2022,
Janny Sikazwe ya tashi wasa a minti na 85 ana tsaka da bugawa.

Aka koma, ya sake busawa kafin 90 ta cika,
Mali na gaba da ɗaya, Tunisiya ta bi shi tana kokawa.

Daga baya aka ce zafin rana ne ya buge shi,
Akwai VAR a filin, amma ba ta hana jiki gazawa.

Na san wannan zafin, rana a ka, gumi a ido,
Usur ya yi gishiri a baki, gwiwa tana rawa.

Kana gudu da samari, kana lissafin kati da agogo,
Ga ihu daga kowane gefe, kowa da abin da yake cewa.

Amma wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ghana,
Ran 2 ga Yulin 2010 a Kofin Duniya, da Uruguay suke karawa.

A mintin ƙarshe na ƙarin lokaci Adiyiah ya sa kai,
Ƙwallo ta nufi raga, babu gola mai tarewa.

Suarez ya sa hannu a kan layi ya mayar da ita,
Alƙali ya gani sarai, ya zaro ja babu tsayawa.

Ya kore shi, ya ba da fenariti, iyakar ikonsa ke nan,
Domin doka ba ta ƙirga ƙwallo sai bayan tsallakewa.

Asamoah Gyan ya ajiye ta, Afirka duka ta yi tsit,
Ya buga, ta daki turken sama, ta tashi tana lulawa.

Uruguay ta ci 4–2 a bugun raba gardama,
Sai a 2022 Maroko ta kai matakin kusa da na ƙarshe da Ghana ke hangowa.

To, ɗana Mai Tuta, ranar alƙali bai yi kuskure ba,
Ka gaya mini, ko hakan ya hana zuciyarka ƙonewa?

'Yar Gidan Ƙwallo:

Baba, labarin Ghana ya tuna mini da maƙwabciyarta,
Burkina Faso a kofin Afirka na 2013, da irin jarumtarta,
A Nelspruit alƙali Slim Jedidi ya matsa mata,
A wasan kusa da na ƙarshe, muna gani a allonmu.

Ya soke mata ƙwallo, ya hana ta fenariti,
Ya ce Pitroipa faɗuwar ƙarya ya yi, ya ba shi kati,
Na biyu ke nan, ya fita ana saura 'yan minti,
Duk da haka ta fitar da Ghana, ta zo karawa da mu.

Hukumar CAF ta dakatar da Jedidi daga busa,
Ta janye katin, Pitroipa ya dawo wasa,
Muka ci su da ƙwallon Sunday Mba da ƙwarewarsa,
Keshi ya ɗaga kofi na uku a tarihinmu.

Abin da nake nuna wa Yaya da wannan misali,
Ƙungiyar da ta tsaya da ƙafarta a fili,
Takan haye har da kuskuren alƙali,
Burkina ta yi hakan, mu ma yana cikin ikonmu.

Sai na Abidjan a 2024, ran 11 ga Fabrairu,
Troost-Ekong ya ci da ka, fatanmu ya ƙaru,
Daga nan muka koma gida dukanmu muka taru,
Muka bar wa Kwaddibuwa ƙwallo, ta mamaye ɓangarenmu.

Adingra ya yi ta ratsa gefe yana aikowa,
Kessie ya farke da ka, Haller ya zo da ƙarasawa,
Minti na 81 ne kofi ya fara kuɓucewa,
Ba mu da ƙafar da za ta kai wa Osimhen saƙonmu.

Kwaddibuwar da Equatorial Guinea ta ci huɗu da nema,
Ta sallami kocinta ana tsakiyar gasar ma,
Emerse Fae ya karɓa, ta miƙe ta kama,
Ita ta fi mu a ranar, mu faɗa wa kanmu.

Autan Masu Kallo:

Baba, na karɓi gyara, allo ba ya maye gurbin mutum,
Kamar yadda linzami ba ya tafiya in babu doki.

Abin da nake roƙo shi ne alƙali ya riƙa yin bayani,
Ya faɗa wa 'yan kallo dalilinsa da nasa baki.

An yi hakan a Gasar Kofin Duniya ta mata a 2023,
Alƙaliya ta dawo daga allo ta sanar, kowa ya ji abin da ke ciki.

Mai kallon da ya zauna cikin rana yana kaɗa tuta,
Ya cancanci ya san dalilin da aka katse masa biki.

Tsohon Mai Usur:

Wannan roƙo ne mai kyau, Auta, na sa hannu a kai,
Ni ma ina da nawa ga masu kallo da masu bugawa.

Na taɓa busa wasan ƙarshe na wani ƙaramin kofi,
Na ba da fenariti dab da tashi, domin na ga ketar tana faruwa.

Kafin in sauke hannu, dutse ya sauka a kafaɗata,
Mataimakina, yaro ɗan makaranta, ya tsaya yana karkarwa.

Tutar ta faɗi daga hannunsa aka bi ta aka tattake,
Yana kirana Baba, ni kuwa ba ni da ikon karewa.

Wani dattijo ne ya lulluɓe mu da rigarsa,
Ya ratsa da mu cikin taro har muka kai ga ficewa.

Yaron nan bai sake ɗaga tuta ba har yau,
Kuma yana da ido, da an bar shi da manyan wasanni yake busawa.

In muna son alƙalan da za su ga ƙwallon Ikpeba,
Daga cikin irin waɗannan yara ne suke fitowa.

Mai Kishin Tuta:

Baba, labarin yaron nan ya kashe mini jiki,
Mai jifan alƙali ya fita daga sahun mutanen kirki,
Ni kukana a baiti yake, iyakarsa baki,
Hannuna bai taɓa ɗaukar dutse a fili ba.

Ƙanwata, na ba ki Abidjan, na ba ki Italiya,
Na ba ki Asaba, a nan kin fi ni gaskiya,
Auta, na bar maka Rojo, na janye tuhuma ɗaya,
Amma Legas da Brasilia ban sallama su ba.

Domin a Legas 'yan wasa sun biya abin da ake bin su,
An ci su biyu, sun tashi sun farke da ƙafarsu,
Abin da ya rage kawai a ƙirga musu ƙwallonsu,
Kanu ya zubar, na yarda, Foe na Kamaru ma bai ci tasa ba.

Da an ƙirga ta, da huɗu da huɗu aka kai,
A ci gaba da bugu har wani ya sunkuyar da kai,
Wataƙila Kamaru ce za ta ɗauka, na sani sarai,
Amma da a ƙafa aka ci mu, ba a usur ba.

Har yau in na rufe ido, Ikpeba nake gani,
Hannu biyu a ka, yana komawa tsakiya da rauni,
Yana zaton ya zubar da kofin ƙasa a hannun wani,
Alhali ƙwallonsa ta shiga, shi ne bai sani ba.